Fadamun Sundimina da Gwaram: Darasi daga waɗanda suka raba fadama da ruwanta

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, hankalin manoman kudancin Jihar Jigawa yakan bar tudu ya koma gangare. A Sundimina da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, da garuruwan Gwaram da ke bakin kogin Bunga, lokacin ne ake fito da injin ban ruwa a kakkaɓe shi, a zuba irin tumatir da albasa, a shiga lissafin kuɗin fetur da taki.

Sunan jihar kansa daga jigawa ya samo asali, wato ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. Shi ya sa ɗan tsirin ƙasar nan mai laka da ke bin bakin kogi, ko ya kewaye tafki, ya fi kowace gona daraja. Gero da dawa a tudu ake noma su, amma ga magidanta da yawa, kuɗin makaranta da na asibiti da na aurar da 'ya'ya daga fadama suke fitowa.

Sai dai fadama ba ta amsa sunanta sai da ruwan da ke malalowa ya kwanta a kanta duk damina. A yau kuwa akwai abubuwa uku da ke neman raba ta da wannan ruwa: madatsar da aka daɗe ana maganar ginawa a saman kogin Bunga, da cike gurabun ruwa domin gini, da yawan rijiyoyin da ke zuƙar ruwan ƙasa.

Wasu sun riga mu bin wannan hanya. Kusan shekara 400 da suka wuce Ingila ta busar da fadamarta mafi girma, kuma har gobe tana biyan kuɗin wannan shawara. A nan gida, fadamun Haɗeja da Nguru sun ga nasu tun daga 1974. A wuraren biyu, masu tsara aikin sun ƙirga amfanin gonar da za a samu, amma ba su ƙirga mutanen da ke ci daga fadamar tun kafin a taɓa ta ba.

Mutum nawa ke ci daga fadama guda?

Wanda ya ratsa fadama sau ɗaya, mai gona kaɗai zai gani. Sai wanda ya bi ta wata-wata ne zai san yawan masu hannu a cikinta.

Daga Yuli zuwa Satumba ruwa ne ke mulki. Manomin shinkafa yana ciki, kifi kuma ya baro kogi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Tarwaɗa da karfasa da gaiwar da masunta za su kama da koma da ƙugiya a ƙarshen shekara, a cikin wannan malalar suka girma.

Idan ruwan ya fara ja da baya, sai masu bin danshi su shuka wake da masara da kankana a kan lakar da ya bari, ba tare da sun sayi fetur ko sun ɗebi ruwa ba. Bayansu sai masu lambu, waɗanda kakanninsu da jigo suka yi ban ruwa, su kuma da inji.

Mata suna tsinkar ganye su haƙo bado. Masu ginin tukwane suna ɗibar yumɓu, masu tubali suna kwaɓa laka, masu zana da jinka suna yankar ciyawa. Daga Janairu har faɗuwar ruwa, lokacin da tudu ya zama ƙura, makiyayi ba shi da wurin da zai kai shanu sai nan. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu shaida ce cewa kiwo ya daɗe ƙwarai a wannan ƙasa.

Akwai kuma amfanin da ido ba ya gani. Ruwan da ya kwanta makonni a fadama yana tsotsewa cikin ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyin gari da na lambu har zuwa bazara.

Ke nan fili ɗaya yana da masu haƙƙi biyar ko shida, kowa da watansa. Mai unguwa da sarkin ruwa da arɗo sun san wannan tsari, amma ba a rubuce yake ba. Ranar da aka zo auna fili ko biyan diyya, sunan mai gona kaɗai ke shiga takarda.

Yadda Ingila ta busar da tata

A gabashin Ingila, daga kusa da birnin Kambirij zuwa bakin teku, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da Turawa ke kira Fens, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,900. Koguna irin su Ouse da Nene suna ratsa shi a hankali, su malala duk lokacin sanyi. Garin Ely da ke tsakiyarsa a kan tudu yake, ruwa ya kewaye shi kamar tsibiri.

Mutanen wurin da kamun kifi suke rayuwa, musamman wani dogon kifi mai kama da maciji, da tarkon agwagin ruwa, da yankan ciyawar rufin ɗaki. Idan ruwa ya janye, sai su kora shanu da tumaki cikin makiyayar da kowa a gari yake da haƙƙi a cikinta. Zazzaɓin cizon sauro yana damun su, amma ba su rasa abinci ba.

Masu mulki a Landan ba haka suka kalli wurin ba. A wurinsu fili ne da ke kwance a banza. Ga kuma misali daga maƙwabciyarsu Holan, wadda a 1612 ta kwashe ruwan tafkin Beemster da injinan iska ta mayar da shi gonaki, masu zuba jari suka ci riba.

A 1626 Sarki Charles na ɗaya ya ƙulla yarjejeniya da wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, ya busar da fadamar Hatfield Chase da ke arewa, a ba masu aikin kashi ɗaya cikin uku na filin. A 1630 aka koma kan babbar fadamar. Wani basarake mai riƙe da sarautar Bedford, Francis Russell, ya haɗa attajirai 13 suka zuba kuɗi, bisa sharaɗin za a yanka musu eka 95,000, wato wajen hekta 38,000. Daga ciki, eka 12,000 rabon sarki ne.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kogin da ke karkacewa yana tafiya a hankali, yashi ya cike shi, ya malala. Sai aka haƙa masa sabuwar hanya miƙaƙƙiya mai tsawon kilomita 34 daga Earith zuwa kusa da Denver, domin ruwa ya gudu teku da sauri. An gama ta a 1637. Yaƙin basasa ya tsayar da aiki, sannan bayan an kashe sarkin a 1649, sabuwar gwamnati ta yi dokar ci gaba da shi. Aka haƙa magudana ta biyu a gefen ta farko, mai faɗin mita 30. Cikin waɗanda suka yi haƙan har da fursunonin yaƙi 'yan Sikotland da aka kamo a 1650.

Masu fasa ganuwa da dare

Tun daga ranar farko talakawan yankin suka ƙi. Ƙorafinsu shi ne, makiyayar da ta kasance ta kowa an yanka ta an raba wa baƙi. Wanda yake da gona a rubuce ya samu ɗan kaso. Masunci da mai tarkon tsuntsu da mai yankan ciyawa ba su da abin nunawa, don haka ba su samu komai ba.

Sai suka riƙa fita da dare, maza da mata, suna fasa ganuwar ruwa, suna cike magudanai, suna lalata amfanin da sababbin masu fili suka shuka. An yi musu laƙabi da damisoshin fadama. Wasu garuruwan sun shafe shekaru masu yawa suna shari'a, wasu wuraren kuma sai da aka girke sojoji kafin aiki ya ci gaba.

A ƙarshe masu jari ne suka yi nasara. Aka noma alkama da sauran hatsi a inda kwale-kwale ke yawo a da.

Ƙasar da ta nutse

Abin da ba a hango ba shi ne halin ƙasar. Ƙasar Fens baƙa ce mai laushi, wadda ta samu daga ruɓaɓɓiyar ciyawa ta shekaru dubbai, kuma ruwa ne ke riƙe da ita kamar soso. Da aka zare ruwan sai ta motse, iska ta riƙa kwasar busasshiyar.

Cikin 'yan shekaru gonaki suka koma ƙasa da magudanan da aka haƙa domin su kwashe musu ruwa. Tun da ruwa ba ya hawa tudu da kansa, sai aka kafa ɗaruruwan injinan iska suna ɗaga shi. A ƙarni na 19 aka koma injin tururi, daga baya na dizal, yau kuma na lantarki. Duk lokacin da aka samu injin da ya fi ƙarfi, ƙasar ta ƙara bushewa, ta ƙara nutsewa.

A wajen 1851, lokacin da aka busar da tafkin Whittlesey, an kafa wani ginshiƙin ƙarfe a Holme, aka binne shi har kansa ya yi daidai da ƙasa. Yau ginshiƙin yana tsaye kusan mita huɗu a sarari. Wurin ya koma ƙasa da tsayin teku da fiye da mita biyu da rabi.

Ba za a ce aikin bai haifar da arziki ba. Yankin Fens na cikin mafi albarkar ƙasar noma a Ingila, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na kayan lambun da ƙasar ke nomawa daga can suke fitowa. Amma in aka kashe injinan, ruwa zai dawo. Abin da ya rage na asalin fadamar bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma yanzu ƙungiyoyin kare muhalli suna sayen gonaki da tsada domin su mayar musu da ruwa, kamar yadda ake yi a Wicken da kewayen Holme.

Daga Jakara zuwa Tiga

Ƙasar fadamunmu laka ce da yashi, ba ta nutsewa irin ta Ingila. Haka kuma a nan ba a cika haƙa magudana don a kori ruwa ba. Ko dai a cike gurbinsa, ko a tare shi tun daga sama.

Misalin cikewa yana tsakiyar birnin Kano. Jakara kurmi ce mai ruwa a lokacin da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi a gefenta. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da ita fadama ce da ta ratsa gari. Yau ta koma kwata ta siminti, an shimfiɗa titi a kan wani sashenta, kududdufai da dama na birnin kuma an cike su an yi gini. Ruwan da suke shanyewa a da, yanzu tituna da gidaje yake shiga.

Misalin tarewa kuwa shi ya fi shafar Jigawa. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka ƙara ta Challawa. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja.

Amfaninsu a bayyane yake. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da alkamar Garun Malam da ruwan Tiga ake noma su, kuma birnin Kano daga waɗannan koguna yake sha. A Jigawa ma, aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo da ruwansu yake tafiya.

Amma a can ƙasa, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, labarin ya sha bamban. Kafin Tiga, malalar damina kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A shekarun 1980 sau da yawa ba ta kai rabin haka ba. Farin 1973 da na 1984 suna da nasu kason laifi, amma madatsar ta rage tudun ruwan da ke sa kogi ya tsallake gaɓa.

A farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka zauna suka yi lissafin da ba a yi ba kafin gini. Sun haɗa kuɗin shinkafa da sauran amfanin gona da kifi da itacen girki da fadamar ke bayarwa, suka gwada da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke samarwa. Suka gano cewa idan da yawan ruwan da aka kashe za a auna, fadamar ta ninka aikin gwamnati riba nesa ba kusa ba. Wannan kuwa ba su sa kiwo da cikar rijiyoyi a lissafin ba.

Kachalla ta samu gida

Kamar yadda nutsewar ƙasa ta zo wa Turawa ba zato, haka kachalla ta zo wa mutanen Haɗeja. A da kogin yakan cika da damina ya bushe da rani, kuma bushewar ce ke kashe wannan ciyawa. Da madatsu suka fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa.

Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta. Ruwa ya karkata ya bi mashigar Marma zuwa Nguru ya cinye gonaki da hanyoyi, wasu rassan kogin kuma suka bushe, mutanensu suka rasa na lambu. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta, suna fitowa su far wa shinkafa da gero. Yau al'ummomi suna aikin gayya da lauje da adda, gwamnatin Jigawa kuma ta sayo manyan injinan yasar kogi. Kuɗi ne da za a riƙa kashewa duk shekara, kamar na injinan Ingila.

Batun fasa ganuwa ma mun ga irinsa, har ya fi muni. A Bakolori kusa da Talata Mafara, inda aka kammala madatsa a kan kogin Sakkwato a 1978, manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Har yau ana jayayya a kan yawan waɗanda suka mutu.

Kafin Zaki: Gwaram ce a bakin ƙofa

Abin da ya bambanta kudancin Jigawa da yankin Haɗeja shi ne kogin da yake dogaro da shi. Kogin Bunga daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya ratsa ƙasar Ningi a Jihar Bauchi, ya shigo Gwaram, sannan ya wuce Jama'are, inda yake ɗaukar sunan garin. Kogin Iggi da sauran rafukan Birnin Kudu su ma can suke gangarawa. Har yanzu babu babbar madatsa a kan wannan kogi, kuma shi ke kai kaso mafi tsoka na ruwan da ke isa Gashuwa.

Ba don ba a yi niyya ba. Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka fara aikin madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi. An dakatar da shi a 1984, aka farfaɗo da shi a 1992, aka sake tsayar da shi a 1994. An tsara ta riƙe ruwa kubik mita biliyan 2.7, wato fiye da Tiga, ta shayar da hekta 120,000. Daga lokaci zuwa lokaci shugabannin Bauchi kan sake tayar da maganar, na Yobe da Borno kuma su nuna adawa.

A wannan muhawara ba a cika jin muryar Gwaram ba, alhali ita ce ƙaramar hukumar Jigawa da ruwan zai fara tararwa bayan ya bar madatsar.

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Ambaliya tana kisa. A Agustan 2021 mutum 21 suka rasu lokacin da motarsu ta faɗa gadar da ruwa ya karya a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wanda ruwa ya ci gidansa ba zai ƙi abin da zai tare ruwa ba. Ga kuma alƙawarin noma sau biyu ko uku a shekara.

Sai dai ruwa iri biyu ne. Akwai ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi ta rushe gida, akwai kuma malalar da ke hawa a hankali ta kwanta a fadama. Madatsa takan kawar da ta biyun kusan duk shekara. Ta farkon kuwa ba kullum take iya tare ta ba, domin in ta cika dole a saki ruwa, kamar yadda mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja suka sani duk da Tiga da Challawa suna sama da su.

Busarwar da ba ta da kwangila

Ko ba a gina Kafin Zaki ba, akwai busarwar da ke tafiya a hankali, wadda ba gwamnati ce ta ba da kwangilarta ba.

Shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa, wanda aka fara a farkon shekarun 1990 aka yi ta sabunta shi, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injin fetur a arewa. Ya fitar da dubban gidaje daga zaman banza na rani. Amma ƙaramin injin nan ba ya iya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas. Idan ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da haka, sai manomi ya haƙa rami ya saukar da injin, ko ya haƙura. Mai kuɗi ya tona rijiyar burtsatse mai zurfi, na kusa da shi ya wayi gari tasa ta ƙafe.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 manoma da dama ke komawa injin mai aiki da hasken rana. Sauƙi ne babba ga aljihu, amma tsadar fetur ita ce a da take sa mutum ya kashe inji da wuri. Yanzu ba abin da zai tsayar da shi sai faɗuwar rana.

Lambu kuma yana faɗaɗa har bakin ruwa, ya rufe burtali da mashaya. Makiyayin da ya saba saukowa a Janairu sai ya tarar da albasa a hanyarsa. Rikicin manoma da makiyaya da yawa a nan yake farawa. A gefen garuruwan da ke girma, irin su Birnin Kudu, gurbin ruwa yakan koma fuloti, a zuba masa ƙasa da rani, ruwa ya dawo neman wurinsa a watan Agusta.

Abin da ya kamata a tambaya tun yanzu

Tsare wa jama'a mashaya da makiyaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin mallakar ƙasa, inda ya yi bayanin filayen da ba a yarda mutum ɗaya ya killace su ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ɗora amanar filayen karkara a wuyan gwamna da ƙananan hukumomi. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai kuma asusun da jihohi shida, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka kafa a 2006 domin kula da waɗannan koguna. Wuraren kai magana ba su yi kaɗan ba.

Tambaya ta farko ga duk wani aiki da zai taɓa ruwan Bunga ko Iggi ita ce: su wa aka ƙirga? Idan jerin masu gona kaɗai aka kawo, to masunta da makiyaya da mata masu tsinka da masu yumɓu sun faɗi tun kafin a fara.

Ta biyu: idan an gina madatsa, za a riƙa sakin ruwa mai yawa a watan Agusta domin fadama ta malala kamar yadda ta saba, kuma a bar kogin ya bushe da rani? Masana sun daɗe suna ba da wannan shawara a kan Tiga da Challawa. Wa zai riƙe makullin ƙofar, kuma a gaban wa zai amsa tambaya?

Ta uku: ina aka bar wa ruwa? Ko Vermuyden da ya busar da Fens sai da ya bar wani dogon fili tsakanin magudanansa biyu domin ruwa ya kwanta idan kogi ya cika. Wannan fili har yau yana kare garuruwa daga ambaliya, shanu suna kiwo a cikinsa da bazara, kuma ya zama matattarar tsuntsaye da duniya ta san da ita, kamar Baturiya a Jigawa.

Ta huɗu ta mutanen gari ce da kansu: wane tafki ne ba za a cike ba, wane burtali ne ba za a shuka ba, kuma rijiya nawa fadama ɗaya za ta iya ɗauka?

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Sundimina da Gwaram suna da abin da mutanen Ely suka rasa, wanda na Nguru ke fafutukar dawo da shi, wato kogin da ke cika da lokacinsa ya kuma janye da lokacinsa. Tsakanin Janairu da Maris manomi da masunci da makiyayi duk suna cikin fadama a lokaci guda. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa dagaci da mai unguwa da sarkin ruwa da arɗo su zauna su rubuta sunan kowa da watansa, su kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma, tun kafin masu awo su iso da tasu takardar.